Rabin Ƙyallen Angelina

Ƙullin da ke wuyan hannun Angelina na fara lura da shi a safiyar Lahadin nan. Tana tsugune bakin famfon tsakar gidanmu tana goge dunduniya da dutse, sai na ga ƙullin yana sheƙi, ya sandare kamar ƙwallon dabino.

"Ke Angelina, me kika yi wa ƙyallen nan?"

Ta ɗaga hannun tana juya shi a rana. "Ruwan sitaci, Yaya Lai'atu. Jiya na tsoma shi na bari ya bushe. Duk 'yan ajinmu sun yi. Yanzu ko Shaiɗan ne ya zo da haƙoransa, da giɓi zai koma."

"Allah ya shirye ki."

"Amin. Tare da Malam Lucas ɗinki."

Na wurga mata soso, ta kauce tana ƙyalƙyala dariya.

Ku da kuka tarar da labarin nan a tsakiya, bari in gaya muku ko su wane ne mu. Sunana Lai'atu. Iyayena mutanen Kudancin Zariya ne, aikin reluwe ya kawo Baba Enugu tun ina ƙarama. A unguwar Asata muke, gidan haya mai ɗakuna a jere, mu Kiristocin Arewa a ɓangare guda, mahauta da dillalan shanu Musulmi a ɗayan, famfo ɗaya, igiyar shanya ɗaya. Na gama jami'a a Nsukka, ina koyarwa a wata makarantar 'yan mata a Ogui. Digiri bai ƙara mini baki ba. Ni ce wadda in an taru za ka same ta a ƙarshen benci tana kallon takalman mutane.

Angelina 'yar maƙwabciyarmu ce, Maman Edwin, wadda mijinta ya rasu ya bar mata yara biyu. Ita da wanta Edwin a nan Asata aka haife su. Yaren Ibo ya fi Hausa zama a bakinsu, fuskarsu kuma sumul take. Ba irin tawa ba, da kakata ta zana wa tsagar gidanmu a kumatu tun ina goye.

Maganar ƙyalle kuwa Malam Lucas ne ya zo da ita. Mishan ce ta turo shi daga makarantar bishara a Arewa don ya riƙe matasan cocinmu na Hausa. Ya buɗe ajin almajirantarwa, ya ce mai bi ba ya girma shi kaɗai. Duk ranar da yaro ko yarinya suka shiga aji, sai a haɗa su da babba guda, a tsaga ƙyallen atamfa gida biyu a gaban jama'a, kowa ya ɗaura rabi a hannu. Kowane biyu da irin zanensu. Tare za ku yi karatu, tare za ku yi addu'a, tare za ku fita bishara. Akwai alkawarin da ake faɗa hannu cikin hannu: "Wannan nawa ne, ni nasa ne. Ba na barinsa a hanya, ba na cewa ban san shi ba." Ni aka ba Angelina, ƙyallenmu rawaya mai zanen tsuntsaye. Lucas da kansa ya ɗauki Edwin, nasu shuɗi mai ɗigo-ɗigo.

Ƙarshen daminar 1966 ke nan.

Ina shiga ɗaki na tarar Mama ta shimfiɗa mini leshina fari a kan gado, wanda na sa ranar bikin gama jami'a, da ɗankwalin nan mai ruwan zuma da ba ta ba kowa aro.

"Mama, Lahadi ce kawai fa."

"Lahadin da kika ce wa Malam Lucas za ki ba shi amsar maganar aure. Juyo in ɗaura miki." Ta ja ɗankwalin har sai da na ji shi a ƙeya. "Tun Ista kike jan yaron nan kamar akuyar da ba a yi ciniki ba. Matan zumunta sun gaji da tambayata. Me ya rasa? Ba ya sha, ba ya busa, ga hankali. Ko sai mai digiri?"

"Ban ce haka ba."

"Ai ba kya cewa komai. Shi ne ciwon kaina."

Gaskiyar da ban gaya wa Mama ba ga ta, ku na gaya wa. Ina son Lucas. Ina son yadda yake goge farar rigarsa har wuyan da ya fara zarewa ya miƙe. Ina son ƙarar ƙararrawar kekensa a bakin lungu, da yadda yake cire hula in zai gaida maƙwabcinmu Bappa Yero duk da ba addininsu ɗaya ba. Abu ɗaya ke riƙe mini harshe. In yana yi wa yara magana a kan waɗanda suka mutu saboda bangaskiya, idonsa kan yi wani haske. Ban taɓa ganin hasken nan ba in ni yake kallo.

Muna cikin haka Baba ya shigo daga tasha. Bai yi sallama ba, abin da ban taɓa gani ba. Ya zauna bakin gado bai cire takalmi ba, gefen wandon kakinsa da wani busasshen tabo.

"Jirgi ya sake isowa daga Arewa," ya ce. "Mu muka buɗe taragun." Ya goge bakinsa. "Abin da aka yi wa Ibo a can, ban da bakin faɗa. Mata riƙe da yara da ba sa motsi. 'Yan'uwansu duk suna tasha suna jira, sun gani da idonsu. Yau daga coci sai gida. Kun ji ni?"

A ƙofar gida muka ci karo da Bappa Yero, tsohon Bafulatanin da ke dillancin shanu, da sandarsa a kafaɗa. Duk saurinsa sai da ya tsaya.

"'Yar Malam, an tashi lafiya? Ya gajiya? Ya mutanen ɗaki?"

"Lafiya lau, Bappa. Ina zuwa da sassafe?"

"Zan kwashe shanuna daga garken bayan kasuwa in kai su wajen Abakpa kafin rana ta take. Garin nan warinsa ya canja. Ku yi addu'arku ku dawo da wuri."

A bakin lungu Mama Obioma, 'yar Ibo mai sayar da okpa, alalensu na gujiya, tana ɗora tirenta a ka za ta tafi wajen zamanta na gefen kasuwar Ogbete. Kullum in ta gan ni sai ta daka mini tsawa da Hausarta mai karkacewa, "Malama! Yaushe biki?" Ranar nan ta dube ni, ta dubi leshina, ta kawar da kai. Ƙanenta a Kano yake ɗinki. Ba a ji labarinsa ba.

Coci rabi ne ya cika. Fasto ya tafi Onitsha duba mutanenmu na can, Lucas ne ya yi wa'azi. Da aka tashi, manya suka watse da sauri, 'yan aji suka tsaya kamar yadda aka saba. Matan zumunta sun dama kunun zaƙi bokiti-bokiti saboda wani taro da aka soke, ga burodi a kwanduna.

Lucas ya tsaya gabanmu, hannunsa mai shuɗin ƙyalle a kan teburi.

"'Yan'uwa, a tasha akwai mutanen da suka kwana ba ruwa ba abinci. Masu magana da harshenmu ne suka yi musu haka. In ba mu je ba, wa zai gaya musu cewa akwai ɗan Arewa da ke kuka tare da su? Ga kunu, ga burodi. Za mu tafi biyu-biyu, muna waƙa, su san da sunan wa muka zo."

Yara suka ɗauki "Amin!" Edwin har da buga benci.

Ban san lokacin da na miƙe ba.

"Malam Lucas, Baba daga can yake. Ya ce kada kowa ya je."

Duk aka juyo. Ni da ban taɓa magana a aji ba.

"'Yar'uwa Lai'atu, na ji. Amma in muka jira sai babu haɗari, me muke koya wa yaran nan tun bara?"

"To mu manya mu je. A bar yara. Kuma kada a yi waƙa. Mutumin da aka kashe masa ɗa da Hausa, ba zai tsaya ya saurari me Hausar ke cewa ba."

Wata yarinya ta ce, "Yaya Malama ta tsorata," aka yi 'yar dariya. Lucas bai yi ba. Ya dube ni da taushi, wanda ya fi dariyar ciwo.

"Ba a tilasta kowa. Wanda zuciyarsa ba ta ba shi ba ya koma gida, babu laifi."

Na kama hannun Angelina. "Mu tafi gida."

Ta fizge. "Edwin zai je, ni in zauna? Yaya, ke ce fa kika koya mini alkawarin. In kin tafi gida ni zan bi su."

Na san ta. Ko na kulle ta a ɗaki ta taga za ta fita. Na ɗauki kwandon burodi, na jefa wuƙar yanka shi a ciki, na ce, "To ki tsaya kusa da ni. Ko tari za ki yi, a gefena."

Lucas ya matso da kekensa yayin da ake jera bokitai. Ya yi ƙasa da murya. "Leshin nan ya yi miki kyau. Ina fata saboda amsata ce."

"In mun dawo."

"In mun dawo," ya maimaita yana murmushi.

Muka fita a jere, bokitai a ka, Lucas da Edwin a gaba. Tun daga Asata na ga ana rufe tagogi. Yara suka ɗauki waƙa, muryoyinsu sirara masu daɗi, Hausa tsantsa tana tashi a kan titin da ya yi tsit. Ban buɗe baki ba. Ina ƙirga fuskokin da ke juyowa har na daina.

Ba mu kai tasha ba. A gefen kasuwar Ogbete muka haɗu da su, masu dawowa daga can. Maza da yawa, wasu da jini a riga, na waɗanda suka ɗauka. A tsakiyarsu wata mata ba ɗankwali, an riƙe ta hannu biyu. Da waƙar ta shiga kunnenta sai ta ƙame. Ta dubi bokitin da ke kan yaron farko, kunu yana zuba gefe. Ta yi wata ƙara da har yau in na rufe ido ina jin ta.

"Ndi Awusa!" Hausawa ke nan, da yarensu.

Lucas ya ɗaga hannu biyu, yana cewa da Turanci mu Kiristoci ne, abinci muka kawo. Dutse na farko a bakinsa ya sauka. Na ga haƙori ya faɗo kan farar rigar. Na biyu ya fasa bokiti, kunu ya malale a kwalta, yara suka fara zamewa a cikinsa suna faɗuwa. Daga nan babu jere, babu waƙa. Itacen rumfa, kwalabe, sarƙar keke. Wani ya ɗaga keken Lucas sama ya maka wa wani saurayinmu a baya. Na ji ƙashi ya amsa.

Na ja Angelina muka faɗa tsakanin rumfuna biyu. Lungun ba ya ɓullewa, bangon kwano ne a ƙarshensa. Na leƙa. Sun tare titi gaba da baya, suna kama mutum ɗaya-ɗaya suna yi masa magana da Ibo. Wanda ya amsa daidai su ture shi gefe. Wanda ya yi in'ina su rufe shi.

Ni tawa ta ƙare, tsagar kumatuna ta riga bakina magana. Amma Angelina fuskarta ba ta faɗin komai, harshenta kuma nasu ne. Abu ɗaya ne ya haɗa ta da ni, tsuntsayen rawaya a hannunta da tsuntsayen rawaya a nawa.

"Kawo hannunki."

Na sa farce a ƙullin. Kamar dutse. Na sa haƙori, sitacin ya ƙi, farcena ya karye har nama.

"Yaya, me kike yi?"

"Saurara. Ke 'yar Ibo ce, aike aka yi ki kasuwa. Ba ki san ni ba, ba ki taɓa ganina ba."

"A'a!" Ta ɓoye hannun a bayanta. "Ba na cewa ban san ki ba. Mun yi alkawari a gaban Allah!"

"Allah ya san ki ya san ni. Waɗannan ne ba na so su sani. Kawo!"

"Malam Lucas ya ce wanda ya yi musu..."

Na zaro wuƙar burodi. Na murɗe mata hannu kamar yadda mahauta ke murɗe ƙafar akuya, na cusa wuƙar tsakanin ƙyallen da fata. Tana fizga, tana cizona a kafaɗa. Wuƙar ta yanke ta, jini ya fito, ban tsaya ba. Ƙyallen ya faɗi. Na tura shi cikin rigata.

Inuwa ta rufe bakin lungun. Maza uku, na gaba riƙe da ƙarfen gado. Ya dubi fuskata ya gyaɗa kai, an gama da ni. Ya dubi Angelina ya yi mata tambaya da Ibo. Ta amsa da Ibo, don bakinta ya saba, tana kuka. Ya nuna ni da ƙarfen.

"Dis one, na who to you?" Wato wannan wace ce a wurinki.

Na ga ta ja numfashi. Na ga leɓenta ya fara haɗa kalmar. Na san me za ta ce, ni na koya mata alkawarin, kalma bayan kalma, a kan tabarmar ɗakinmu.

Na ɗauke ta da mari. Ban taɓa dukan kowa ba a rayuwata, ko ɗalibai. Na sa duk ƙarfina, bayan hannu, a kan baki. Ta bugu da kwanon rumfa, leɓenta ya fashe.

"Ɓarauniya!" Na yi ihu da Hausa, na sake da Turancin kasuwa. "Ban san ta ba! Jakata ta zo fizga! 'Yar Ibo ɓarauniya!"

Na sake ɗaga hannu. Abin da nake so ke nan, su ga 'yar Arewa da wuƙa tana dukan 'yarsu. Na gaba ya fizgo Angelina ya wurga ta bayansa kamar yana ceton ta daga kura. Ta faɗi a bakin titi, daidai inda tiren okpa ya kife.

Mama Obioma na tsaye wurin. Ta san Angelina tun tana rarrafe. Ta san ni. Idonmu ya haɗu, ban roƙe ta da baki ba, babu lokaci. Ta dubi hannun yarinyar mai jini, ta dubi nawa mai ƙyalle. Sai ta sunkuya ta damƙi kunnen Angelina ta miƙar da ita, ta shiga zazzaga mata masifa da Ibo, irin ta uwa da 'yar da ta aika ta tsaya kallo. Angelina ta buɗe baki, Mama Obioma ta toshe shi da tafin hannu, ta cusa kanta cikin zanenta, ta ja ta suka shige cikin taron.

Daga nan ƙarfen ya sauka a kafaɗata.

Ba zan ba ku labarin dukan duka ba. Na tuna ɗankwalin Mama a cikin kunu ana taka shi. Na tuna an ja ni da gashi zuwa titi, kwalta na cin gwiwata. Na tuna wani yana cewa a kawo kananzir, wani dattijo yana cewa mace ce, ku bari, ba wanda ya saurare shi. Na rufe kaina da hannu, ina ta faɗa a zuci, ta tafi, ta tafi, ta tafi.

Sai ƙasa ta fara rawa. Na ji kirarin makiyaya, na ji ihu ya canja. Shanu ne, farare masu dogon ƙaho, garke guda, a guje suka fito daga bayan kasuwa suka cika titi. Rumfuna na faɗuwa, mutane na hawa kan juna. Hannu mai ƙarfi ya kama ni ta ƙugu ya ɗora a kafaɗa.

"Riƙe ni, 'yar Malam. Kada ki saki."

Bappa Yero ne. A tsakiyar shanunsa ya fito da ni, da wasu yara biyu da yaransa suka tsinta. Rabin garken bai sake gani ba.

Da la'asar gidanmu ya zama asibiti. An tokare ƙofa da turmi da benci. Matan mahauta na dafa ruwa, Mama na yayyaga zanenta tana ɗaure raunuka. Yara suka dinga dawowa ɗaya-ɗaya, wani ta katanga, wani a bayan wata Ibo maƙwabciya. Maman Edwin ta ƙi zama. Tana tsaye jikin ƙofa, duk wanda ya shigo sai ta kama shi. "Ka ga nawa? Ka ga Edwin? Ka ga Angelina?"

Aka ƙwanƙwasa a hankali. Mama Obioma ce, da wata yarinya sanye da zanen Ibo da tiren okpa a ka. Ta turo ta ciki. Maman Edwin ta zube ƙasa ta rungume ƙafafun 'yarta. Mama Obioma ba ta shigo ba. Ta hango ni kwance a tabarma, ta daɗe tana kallona.

"Malama," ta ce, "hannunka zafi." Ta juya ta tafi.

Angelina ta zo ta wuce ta gabana. Leɓenta ya kumbura ya yi baƙi, an ɗaure mata wuyan hannu da ganyen okpa da tsumma.

"Angelina."

Ba ta juyo ba.

"Zo in ga hannun."

"Ai ba ki san ni ba," ta ce, ta je ta zauna can jikin famfo ta ba ni baya.

Ya yi mini ciwo fiye da ƙarfen gado. Amma ina kallon bayan nata yana hawa yana sauka, tana numfashi, na ce a raina, ki ƙi ni har ki tsufa, na yarda.

Rana ta kusa faɗuwa Lucas ya shigo ta katangar baya. Da ƙyar na gane shi. Farar rigar ta zama ja, ido ɗaya ya rufe, yana jan ƙafa. Shuɗin ƙyallen na nan a hannunsa, ƙullin bai ko motsa ba. Shi kaɗai ne.

Maman Edwin ta miƙe a hankali.

"Malam, ina ɗana?"

Ya buɗe baki, maganar na fita da iska saboda haƙoran da babu. "Mama, sun sake shi. Ya yi musu Ibo, sun ce ya tafi. Har ya juya." Ya share jinin bakinsa. "Sai wani ya ga hannunsa, ya ga nawa. Ya ce, wannan wane ne a wurinka?"

"Sai me?"

"Sai ya dube ni."

"Kai kuma ka ce me?" Baba ne ya tambaya daga bakin ɗaki.

"Ban ce komai ba, Baba. Na zaci... ban ce komai ba. Ya faɗi alkawarin. Da Hausa, da ƙarfi, bai rage kalma ba." Hawaye na bin jinin fuskarsa. "Suka ja shi wajen layin dogo. Ni suka bar ni a kwata, sun zaci na mutu. Mama, ɗanki bai yi musu ba. Ya tsaya kamar..."

"Ban aike shi ya tsaya ba!" Maman Edwin ta cakumi rigarsa tana jijjiga shi. "Na ba ka shi ka koya masa karatu da addu'a! Ka ce ba ka barinsa a hanya, a gabana ka faɗa! Ina ka bar shi? Ina ka bar mini shi?"

Mata suka ɓamɓare ta da ƙyar. Lucas bai kare kansa ba. Idonsa mai gani ya yi ta yawo a tsakar gida har ya sauka kan Angelina, kan hannunta da babu ƙyalle. Ya jawo ƙafa ya zo ya durƙusa gefen tabarmata.

"Lai'atu. Ina nata?"

Na sa hannu cikin rigata na fito da shi. Tsuntsayen rawaya sun sha jini, ƙullin na nan yadda ta yi shi, gefensa a yanke.

"Ke kika yanke?"

"Ni ce."

"Kika ce ba ki san ta ba?"

"Na faɗa. Na mare ta, na kira ta ɓarauniya a gaban mutane. In gobe aka sake, zan sake."

Na jira ya yi mini wa'azi. Da ya yi, da na samu abin da zan riƙe in ƙi shi. Bai yi ba. Ya karɓi ƙyallen ya juya shi a tafinsa, ya taɓa inda wuƙa ta bi. Ya dubi Angelina, da ranta, tana kuka jikin famfo. Hasken nan da nake tsoro babu shi a idonsa. Mutum ne kawai, wanda nake so, ya karye a gabana.

Mama ta matso da kwanon ruwan zafi. "Ɗana, zauna a wanke maka. Baban Lai'atu ya ce gobe za a kwashe mu a mota zuwa Arewa. Da gari ya waye maza za su fita neman yaron. Zauna."

Amsar da yake jira tana bakina. Tun safe take wurin, duk abin da ya faru bai kore ta ba. Na ɗaga hannu in kama nasa, kafaɗata ta ƙi.

Ya ajiye ƙyallen Angelina a kan tafina, ya naɗe yatsuna a kansa ɗaya bayan ɗaya. Ya miƙe. Mama ta juya ɗauko tsumma, mata na kan Maman Edwin, Baba da Bappa Yero na magana ƙasa-ƙasa a kan motar gobe. Ni kaɗai na ga ya nufi ƙofa. Ya janye bencin a hankali don kada ya yi ƙara, ya gyara shuɗin ƙyallen a hannunsa, ya fita ya ja ƙofar a bayansa.

Ta tsagar ƙyauren na hango shi. Ba hanyar coci ya bi ba. Wajen layin dogo ya nufa.